Shaidar Tsoho a Kan Mantuwarsa: Har Ina Za a Dogara da Ita?

Laccar da aka gabatar a Gidan Rumji, jihar Maraɗi, a gaban ma'aikatan lafiya, malamai da dattawan gari

 

  

Maganar da aka ɗora mini yau ta shafi wata takarda ce ta tambayoyi, wadda ake karanta wa tsoho ko tsohuwa domin su faɗi da bakinsu yadda mantuwa take damunsu. A ce, "Baba, kana manta inda ka ajiye abu?" Ya zaɓi amsa: ko kaɗan, jefi-jefi, ko kullum. A haɗa maki, a ce wannan lafiyarsa lau, wancan a tura shi gaba. To amsar nan da tsoho ya bayar, har ina za a dogara da ita?

Ga matsayina tun da farko. Maganar tsoho a kan ƙwaƙwalwarsa shaida ce, kuma wajibi ne a saurare ta da ladabi. Amma shaida ɗaya ce cikin uku, sauran biyun su ne bakin masu zama da shi da gwajin likita, ba a yanke hukunci da ita kaɗai.

Me ya kawo maganar nan Gidan Rumji?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da miliyan 55 suke fama da cutar ruɗewar tsufa, wadda wasu suke kira gigin tsufa, kuma kowace shekara ana samun sabbi kusan miliyan 10. Fiye da kashi 60 cikin 100 nasu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici suke. Wani rahoto da ƙungiyar duniya mai kula da cutar Alzheimer ta fitar a 2017 ya ƙiyasta cewa a Afirka kudu da Sahara akwai mutum miliyan 2.13 masu ruɗewar tsufa a 2015, kuma za su kai miliyan 7.62 a 2050.

Wani zai ce ai mu ƙasar yara ce, tunda kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Haka ne. Amma gundumar nan kaɗai, a ƙidayar 2012, mutanenta sun haura dubu 500, kuma ba gidan da ba shi da tsohonsa. Tsohon nan shi ya san iyakar gona, shi ya san wanda ya ba wane aron fili tun zamanin kakanni, shi ake kira ranar rabon gado. Idan ƙwaƙwalwarsa ta fara rauni ba a gane ba, gida ne zai rikice. Idan kuma lafiyarsa lau aka ce ya ruɗe, an zalunce shi. Likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa a ƙasarmu, ita kuwa takardar tambayoyi ba ta da tsada, kowa yana iya karanta ta. Saboda haka za ta zo mana, a hannun ma'aikacin lafiya, ko ɗalibin jami'a mai rubuta kundinsa, ko ma'aikacin wata ƙungiya. Gara mu san ta kafin ta iso.

Ma'auni iri biyu

Dukanmu mun san tiyar kasuwa. Akwai tiyar da aka buga wa gindi ya shige ciki. Auna gero da ita yau, auna gobe, abin da ta ɗauka jiya shi za ta ɗauka, ba ta canzawa. Amma ba cikakkiyar tiya ba ce. To masana ma'auni tambaya biyu suke yi wa kowace takarda. Ta farko: in an maimaita ta bayan mako biyu, amsa ɗaya take bayarwa? Ta biyu: abin da aka ce tana aunawa, shi take aunawa da gaske?

Takardun mantuwa sun ci jarrabawa ta farko. Wanda ya ce maka yau yana yawan mantuwa, in ka koma wata mai zuwa haka zai sake faɗa. A jarrabawa ta biyu ne ake samun matsala.

A 1982 wani masani ɗan Ingila, Donald Broadbent, shi da abokan aikinsa, suka fitar da takarda mai tambaya 25 da ake kira CFQ, wadda take tambayar mutum kurakuran da ya yi cikin wata shida da suka wuce. Bayanta wasu da yawa sun biyo. A shekarar nan ta 1982 Douglas Herrmann ya tattara irin waɗannan takardu ya duba su, ya ga amsoshinsu ba sa yawan canzawa, amma dacewarsu da ainihin gwajin ƙwaƙwalwa ba ta da ƙarfi. A 2014 wasu masana a Amurka, Crumley da abokan aikinta, suka haɗa bincike 53 da aka yi a kan tsofaffi. A ma'aunin da 1 yake nufin cikakkiyar dacewa, sifili kuma yake nufin babu alaƙa sam, dacewar abin da tsoho ya faɗa da abin da gwaji ya nuna 0.06 ce. Wato in aka ba ka amsoshin tsoho aka ce ka faɗi yadda zai yi a gwaji, kusan canke za ka yi.

Me ya sa haka?

Dalili na farko yana cikin tambayar kanta. Ana cewa mai mantuwa ya tuna sau nawa ya manta. Mai lafiya yana riƙe da kowace mantuwa da ya yi: ranar da sunan maƙwabcinsa ya shige masa, ranar da ya bar carbi a masallaci. Wanda cutar ta kama sosai kuwa ya manta, ya kuma manta cewa ya manta. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma wannan cuta sanin nan take fara ɗauke wa mai ɗakin. Likitoci sun daɗe da sanin haka: tun 1914 likitan Faransa Joseph Babinski ya yi bayanin majinyatan da ciwon ƙwaƙwalwa ya hana su sanin cewa ba su da lafiya. Ba ƙarya tsohon yake yi ba idan ya ce ƙalau yake. Iyakar saninsa ya faɗa.

Dalili na biyu, baƙin ciki. A 1975 Robert Kahn da Steven Zarit da abokan aikinsu a Chicago suka gano cewa yawan kukan mantuwa ya fi bin damuwar zuciya a kan raunin ƙwaƙwalwa. Waɗanda suke cikin ƙunci sun fi kowa kuka, alhali da yawansu sun yi kyau a gwaji. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Tun 2019 ƴan'uwanmu daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako nan gudun ƴan bindiga, aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Tsohuwar da ta baro ɗakinta da rumbunta, wataƙila an kashe ɗanta, ba ta barcin kirki, in ka karanta mata takardar nan kowace tambaya za ta ce "kullum". Makinta zai nuna ruɗewa. Abin da yake damunta kuwa baƙin ciki ne, kuma wannan yana da magani.

Dalili na uku, nauyin da yake kan mutum. Patrick Rabbitt na Manchester ya nuna a 1990 cewa masu shekara 60 da 70 ba su fi masu shekara 50 kawo kukan mantuwa ba, ko da yake gwaji yana nuna raguwa da shekaru. Magidanci mai shekara 50 da yake riƙe da gandu da bashin taki da auren ƴaƴa, kullum akwai abin da zai sha'afa. Dattijon da ya miƙa wa ƴaƴansa gandu, ana kawo masa fura har inuwa, ba abin da yake gwada ƙwaƙwalwarsa, don haka ba ya ganin inda ta gaza.

Waɗannan uku ko'ina a duniya ana samunsu. Akwai kuma namu na gida.

Mu mutane ne masu kunya da godiya. Ka tambayi dattijo jiki, ko yana kwance zai ce "Alhamdulillahi, da sauƙi." Yarinyar da ya yi jika da ita ta zo da takarda tana tambayarsa ko yana manta sunayen ƴaƴansa, me kuke zaton zai ce, balle in surukinsa yana zaune a wurin? Maigida yana tsoron in ya amsa, gobe a raba shi da makullin rumbu. Tsohuwa kuma ta san abin da ake ce wa tsohuwar da take sambatu ko take fita da dare: wasu su ce hauka, wasu su ce maita. Sai ta ɓoye. A ɗaya gefen, tun yunwar 2005 mutanenmu sun saba cewa baƙo mai takarda da alƙalami rajistar taimako yake yi. In ba a yi bayani ba, wani zai ƙara gishiri don kada a tsallake sunansa. Ban ga laifinsa ba, talauci ne ya koya masa.

Sai su tambayoyin kansu. Takardar Broadbent tana tambaya ko kana wuce allon hanya ba ka lura ba, ko kana barin wasiƙa kwana da kwanaki ba ka amsa ba, ko kana karatu ka ga hankalinka ba ya wurin. Tsohuwar da ba ta karatun boko, ba ta tuƙi, ba a aiko mata wasiƙa, za ta ce "ko kaɗan", a rubuta mata makin lafiya. Hatta gwajin MMSE na 1975, mai maki 30, wanda asibitoci suke amfani da shi, yana cewa ka rubuta jimla, ka zana siffa da fensir, ka yi ta cire 7 daga 100. Nan kuma mai lafiya ce za ta faɗi. Amma wannan tsohuwa, ka sayi ƙuli-ƙulin dala talatin da biyar ka miƙa mata jaka guda, kafin ka ƙifta ido ta ƙirgo maka dala ɗari da sittin da biyar. Lissafinta yana nan, tambayar ce ba tata ba.

To a yar da takardar ke nan?

A'a. A 2014 Alex Mitchell da abokan aikinsa suka haɗa binciken da aka bi tsofaffi shekara da shekaru. Suka ga masu kukan mantuwa, ko da gwajinsu ya yi kyau a farko, haɗarin kamuwarsu da ruɗewar tsufa ya ninka na waɗanda ba sa kuka. A cikin kowane 100 masu kuka, kimanin 2 suke kamuwa a shekara, a cikin marasa kuka kuwa kimanin 1. Darasi biyu ne a nan. Mafi yawan masu kuka ba za su kamu ba, don haka kada a tsorata su. Amma a cikinsu akwai waɗanda suka ji canji a kansu tun kafin gwajin likita ya gan shi, don haka kada a kore su da "ai tsufa ne, Baba." A 2014 ɗin kuma wasu masana ƙarƙashin Frank Jessen na Jamus suka lissafa alamun da suke ƙara wa kuka nauyi: mutum ya kai shekara 60, abin ya fara cikin shekara 5 da suka wuce, yana damunsa ƙwarai, yana jin ya fi sa'o'insa mantuwa, kuma wani na kusa da shi ya tabbatar.

Kun ga yadda abin yake. A farkon ciwo bakin tsoho ya fi na iyalinsa sani. In ciwo ya yi nisa, bakin iyali ya fi nasa.

Hanyar malaman hadisi

Allah ya gafarta malamai, wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinku. Alƙur'ani mai girma, a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, ya ambaci matakin tsufan da sani yake kuɓuce wa mutum bayan ya mallake shi. Malaman hadisi kuma sun ware babi guda a kan amintattun maruwaitan da haddarsu ta cakuɗe a ƙarshen rayuwa. Ibnus Salah ya yi masa fasali a littafinsa na ilimin hadisi. Misalin da aka sani shi ne Aɗa'u ɗan Sa'ib na Kufa: abin da Shu'uba da Sufyanus Sauri suka ji daga gare shi tun da wuri an karɓa, abin da na baya suka ji bayan ya cakuɗe an dakata a kansa. Ku duba yadda suka yi. Ba su dogara da abin da malamin ya ce game da haddarsa ba. Sun tambayi almajiran da suka daɗe tare da shi, sun gwada ruwayarsa ta yau da ta da, sun nemi lokacin da canjin ya fara. Kuma duk da haka ba su zubar masa da mutunci ba, sunansa yana cikin amintattu.

Likitocin zamani ga wannan hanya suka dawo. A 1989 Anthony Jorm na Ostireliya ya fitar da takardar IQCODE, mai tambaya 26, daga baya aka taƙaita ta zuwa 16. Ita ba tsohon ake tambaya ba, wanda ya zauna da shi ake tambaya: in ka gwada da shekara 10 da suka wuce, ya ƙaru, yana nan yadda yake, ko ya ragu? Da yake da kansa ake gwada shi, rashin karatun boko ba ya cutar da shi sosai. A maƙwabciyarmu Najeriya, tun 1992 likitocin Ibadan irin su Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi da Olusegun Baiyewu suka haɗa kai da na Indianapolis a Amurka, suka yi aiki da ma'aunin CSI-D, wanda ya haɗa gwajin tsoho da hira da ɗan'uwansa. A Ibadan ne aka ƙirƙiro gwajin tsinken ashana guda huɗu, a jera su a wata siffa tsoho ya kwaikwaya, maimakon a ba shi fensirin da bai taɓa riƙewa ba. A Zariya, cikin Hausawa ƴan'uwanmu, Dakta Yusuf da abokan aikinsa sun bi wannan hanya da tsofaffi 322, suka buga sakamakon a 2011: kashi 2.79 cikin 100 suke da cutar. A Tanzaniya ma an shirya gwajin IDEA domin mutanen karkara, inda ake tambayar sunan shugaban ƙauye da ranar mako, a ce ka lissafo sunayen dabbobi cikin minti ɗaya.

Sai dai shaidar iyali ma tana da nata rauni. Ɗan da ya yi shekaru yana bida a Legas ko Libiya bai san halin da tsohonsa yake ciki ba. Ɗan da yake gida kuma yana jin nauyin ya ce mahaifinsa ya ragu. Inda akwai kishi ko rigimar gado, shaida tana karkata. Kuma iyali sukan ruɗu da abu guda, su ce, "Ai hankalinsa garau, yana ba da labarin zamanin Diori Hamani kamar jiya aka yi." Cutar nan sabon abu take fara ci, tsohon labari sai daga baya. Mutum zai kawo maka labarin juyin mulkin Seyni Kunce na 1974 daki-daki, amma ya ce ba a ba shi furar da ya sha ɗazu ba.

Abin da nake roƙo

Ga ma'aikatan lafiya da ɗalibai: kafin tambaya ta farko, ku faɗa a fili cewa wannan ba rajistar taimako ba ce. Ku keɓe da tsoho, kada ku tambaye shi gaban suruki ko taron yara. Ku tabbata yana ji yana gani, domin kurumta da yanar ido suna kama da mantuwa. Ku tambayi barcinsa da cin abincinsa da abin da ya rasa kwanan nan. Ku auna hawan jini da suga, ku duba ƙarancin jini, ku tambayi magungunan da yake saye a tebur. Sannan ku nemi mai ba shi abinci da mai wanke masa tufa, sau da yawa matarsa ce ko matar ɗansa ko jika, ku ji nasu. In za ku ce "shekara 10 da suka wuce", ku ɗaura ta a kan abin da gidan ya sani, kamar auren wance ko haihuwar wane, yadda masu ƙidaya suke gano shekarun mutum da yunwar 1984 da ake kira El Buhari, ko karyewar darajar sefa a 1994. Ku rubuta abin da kuka samu, ku sake dubawa bayan wata shida. Awo biyu a lokaci daban sun fi awo ɗaya faɗin gaskiya.

Ga masu bincike na jami'armu ta Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi: fassara takardar Turawa ba ta wadatar. Ku zauna da dattawa da iyayenmu mata ku gina tambayoyi daga rayuwarmu. Rafkanuwa a sallah kowa yana yi, shi ya sa aka shar'anta ƙabli da ba'adi, amma shin yanzu kusan kowace sallah raka'o'i suna rikice masa? Surar da ya shekara 50 yana karantawa ta fara kakare masa? Tana zuba gishiri sau biyu a miya? Ranar kasuwa tana shige masa? Ya taɓa ɓata a hanyar gonarsa? Zubin adashi ya fara rikice mata? Bayan kun gina, ku gwada takardar da hukuncin likita a kan mutanen nan, ku ga nawa ta kama, nawa ta saki, kafin ku raba ta.

Ga iyali: mantuwar da ta zo a hankali cikin watanni daban, ruɗewar da ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu daban. Ta biyun, musamman in da zazzaɓi ko shanyewar ɓarin jiki ko karkacewar baki, a kai shi likita a ranar, kada a jira. Kuma ku sani, kwamitin masana na mujallar Lancet ya bayyana a 2024 cewa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, cikinsu har da hawan jini, ciwon suga, raunin ji, raunin gani, shan taba da zaman kaɗaici, suna da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na wannan cuta. Kai tsoho awon jini da zama a yi hira da shi duk cikin magani suke.

Ga malamai da sarakuna: ku faɗa a huɗuba da fada cewa ruɗewar tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa kamar yadda hawan jini yake ciwo, ba maita ba ce, ba kuma abin kunya ba ne. Ranar da tsohuwa ta daina tsoron abin da za a kira ta, ranar za ta faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiya, kuma ranar ce amsar da take kan takarda za ta fara zama abin dogaro. Haka nan ina roƙon kada wani mai gari ko alƙali ya karɓi makin takarda ɗaya a matsayin hujjar raba dattijo da gonarsa ko soke shaidarsa. Wannan hukunci sai an haɗa bakinsa da bakin masu zama da shi da gwajin likita, an kuma maimaita.

Iyayena dattawa da kuke zaune a nan, in kun ji canji a kanku, ku faɗa, tun da wuri ake cin moriyar faɗar. Mu kuma ƴaƴanku, haƙƙinku ne a kanmu mu saurara, mu bincika, mu riƙe sirrinku.

Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya sa mu gama da su lafiya, ya ba mu masu jin ƙanmu in namu tsufan ya zo.